Darasin Sana'a: Taimin Bel da Famfon Ruwa a Injin Mota

Darasin wannan wata na direbobi ne da masu mota da yaran da ke koyon kanikanci. Manomin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, shi ma ya karanta. A ƙauyuka da yawa akwai wanda ya sayar da shanu ko buhunan hatsi ya sayi mota ta hannu, ya ba ɗansa ko ƙanensa yana haya da ita. Idan injin motar nan ya buga, shanun ne suka tafi.

Abubuwa biyu za a yi bayani a kansu. Na farko taimin bel. Na biyu famfon ruwa, wanda kanikawa ke kira watafam. A motoci da yawa dukansu biyu a ɓoye suke bayan murfi a gefen inji. Direba yakan yi shekaru yana tuƙi bai taɓa ganinsu ba.

Ɗigon ruwa a ƙarƙashin mota

A ɗauki misalin wani saurayi direba daga wani ƙauye a ƙasar Bichi. Yayansa ne ya sayi motar, Peugeot 406, wadda jama'a ke kira Fijo. Kullum yana ɗauko fasinja da kaya zuwa Kano. Yakan sauke masu hatsi a Dawanau, ya shiga da sauran cikin birni.

Wata safiya ya ga ƙasa ta ɗan jiƙe a ƙarƙashin inji. Bai damu ba. Ya sayi ruwan leda ɗaya ya zuba. Bayan mako biyu sai leda biyu. Daga nan sai uku. Ran nan cunkoso ya riƙe shi kusa da kasuwar Kurmi, ga kura, ga A Daidaita Sahu, ga masu dako, mota ba gaba ba baya. Sai ya ga allurar zafi tana hawa wajen ja. Ya kashe mota ya jira ta huce. Sa'an nan ya lallaɓa da ita zuwa garejin wani tsohon bakanike a Ƙofar Ruwa, inda kasuwar kayan gyaran mota take.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu direba. Me ya same ta?"

"Ruwa take sha. A liƙe mini lagireto in koma, fasinja suna jirana."

Bakanike ya leƙa ƙasa da tocila. Ya shafa gefen inji ya duba yatsansa. Ya ce, "Lagireto lafiyarsa ƙalau. Famfo ne ke yoyo. Yaushe rabon da a canja mata taimin bel?"

"Wallahi Baba ban sani ba. Haka muka saye ta."

"To, wannan ya fi ruwan ban tsoro."

Ya sa yaronsa ya ɗauko wani kan inji daga bayan rumfa. Ya juya shi ya nuna wa direba. Bawul-bawul ɗinsa duk sun lanƙwashe kamar ƙusar da aka buga a kan dutse. Ya ce, "Mai wannan ma sauri yake yi."

Aikin taimin bel

A cikin inji akwai fistin. Shi ne ke hawa da sauka a cikin silinda. A samansa akwai bawul. Bawul ƙofa ce ƙarama. Wata tana buɗewa iska da mai su shiga. Wata tana buɗewa hayaƙi ya fita.

Sandar ƙarfe ta ƙasa, wadda fistin ke juyawa, sunanta karanshaf. Sandar sama, wadda ke buɗe bawul, sunanta kamshaf. Dole su biyun su yi tafiya tare a kan ƙa'ida. Idan ta ƙasa ta juya sau biyu, ta sama ta juya sau ɗaya. Abin da ke haɗa su shi ne taimin bel. Roba ce mai ƙarfi, da zare a cikinta, da haƙora a jere. Haƙoran ne ke shiga haƙoran gargaren ƙarfe, don kada bel ya zame.

Duk wanda ya ga mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya ga taimin. Taɓarya ɗaya tana sauka, ɗaya tana tashi. Wuri ɗaya suke bugu, amma ba sa haɗuwa, domin kowace ta san lokacinta. Idan ɗaya ta yi kuskuren lokaci, taɓare su yi karo. Haka fistin da bawul suke a injina da yawa. Wuri ɗaya suke shiga, kowa da lokacinsa. Ran da bel ya tsinke, sandar sama ta tsaya cik, wasu bawul suna buɗe. Fistin kuwa yana nan tafe da ƙarfinsa. Sai ya doke su. Kafin direba ya taka birki ɓarnar ta gama faruwa.

Kada a rikita taimin bel da fambel. Fambel a waje yake, ana ganinsa da an ɗaga bonet. Shi ne ke juya injin cajin batir. Idan ya kusa mutuwa yakan yi kuka, kowa ya ji. Taimin bel ba ya yin haka. Sau da yawa yana aiki lafiya har daƙiƙar da zai tsinke.

Ba kowace mota ke da shi ba. Wasu sarƙar ƙarfe gare su. Peugeot 504 mai fetur, wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, sarƙa gare ta. Shi ya sa tsofaffin direbobin Fijo ba su saba da wannan magana ba. Corolla ta 2003 da Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa sama su ma sarƙa ce. Amma Peugeot 406, da Honda Accord da Civic na shekarun 1990, da Camry ta waɗannan shekaru, da Golf 3 mai silinda huɗu, duk bel ne. A Camry ɗin mai silinda huɗu, idan bel ya tsinke mota takan tsaya kawai, bawul ba ya lanƙwashewa. A Honda da 406 kuwa ɓarna ake yi. Mai mota ya tambaya tun yau: tawa bel ce ko sarƙa?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1962 wani kamfani a Jamus mai suna Glas ya fitar da mota mai irin wannan bel. Kamfanoni sun so shi domin ba shi da nauyi, ba shi da ƙara, kuma ya fi sarƙa araha. Aibinsa ɗaya: roba ce, tana tsufa.

Aikin famfon ruwa

Mai noman rani ya san injin ban ruwa. A cikinsa akwai farfela mai juyawa, tana jan ruwa tana tura shi. Famfon mota ƙanensa ne. Yana tura ruwa ya zagaya cikin inji ya kwashi zafi. Ruwan ya tafi lagireto, iska ta sanyaya shi, ya komo. Haka yake yi muddin inji na aiki.

Abu uku ke mutuwa a famfo. Akwai robar da ke tare ruwa. Akwai boris da sandar famfo ke juyawa a kansa. Akwai farfelar kanta, wadda tsatsa ke cinyewa, ko ta fashe idan ta roba ce. A jikin famfo akwai wani ɗan rami da kamfani ya bari da gangan. Idan robar ciki ta gaji, ta nan ruwa ke fara ɗiga. Yakan bar fari-fari ko jan tsatsa a gefen inji. Wannan ɗigon saƙo ne. Shi saurayin nan ya yi makonni yana gani yana amsa masa da ruwan leda.

To me ya haɗa famfo da taimin bel? A 406 da Honda da Camry da aka ambata, taimin bel ne ke juya famfon. A layi ɗaya suke. Idan boris ɗin famfo ya yi girgiɗi, bel ya karkace. Idan famfo ya cije, ya kankare haƙoran bel ko ya tsinka shi. Idan yana yoyo, a kan bel ruwan ke zuba. Ashe ƙaramin famfo yana iya kashe inji ta hanya biyu: ta zafi, da ta tsinka bel.

A Golf 3 mai inji 1.8 abin ya bambanta. Famfonta a waje yake, bel na waje ke juya shi. Ana iya canja shi ba a taɓa taimin ba.

Gardamar kuɗi

Da direba ya ji bayani sai ya ce, "To Baba, a canja famfon kawai. Bel ɗin ai bai tsinke ba."

Bakanike ya ce, "Kafin in kai hannu ga famfon nan, sai na cire taya, na cire fambel, na kwance ƙafar inji, na cire murfi, na cire taimin bel ɗin kansa. Yini guda ne. In na mayar maka da tsohon bel, bayan wata biyu ka dawo, aikin nan dai za a sake, ka sake biyana. In ma ka dawo da ƙafarka ke nan, ba da janwe ba."

Gaskiyar bakanike ce. A wannan gyara, wahalar isa wurin ita ce rabin aikin. Tunda an buɗe, a canja duk abin da ke bayan murfin: bel, da famfo, da ajasta mai ɗaure bel, da ƙaramin gargaren da bel ke bi ta kansa. Ajasta da gargaren nan boris gare su, kuma tare suka tsufa da bel. Sabon bel a kan tsohon boris ba ya kai kwanansa.

Kuɗin zai yi nauyi a ranar. Amma a auna shi da ɗayan. Idan bel ya tsinke, sai an sauke kan inji, a sayi bawul, a sayi gaskit, a kai wa masu wanke kan inji. Wani lokaci fistin ya fashe, sai dai a sayi wani inji na Baljiyam. Ga kuɗin janwe. Ga mako biyu ko uku mota na kwance, babu balas, gida kuwa ba ya daina cin abinci.

Direba ya buga wa yayansa waya. Aka daɗe ana magana. Daga ƙarshe yayan ya ce a yi, zai sayar da buhun wake.

Sayen kaya

Nan ne ake cutar mutane da yawa. Kasuwar Ƙofar Ruwa babba ce. Akwai mai kyau, akwai jabu, wani lokaci a kwali iri ɗaya. Sunaye irin su Gates da Dayco da Continental sanannu ne a bel, Aisin kuma a famfon motocin Japan. Amma masu jabu ma sun iya buga suna a kwali. Saboda haka mai mota ya tafi tare da bakanikensa, wurin mai shagon da aka sani, wanda za a iya komawa gare shi.

A tafi da tsohon bel da tsohon famfo. A ɗora sabo a kan tsoho. A ƙirga haƙora. A duba faɗi. A duba siffar haƙorin, domin wani mai kwana ne, wani zagayayye. A karanta lambar da ke bayan bel a gwada da ta kwali. Bel ɗin da ya fi na motar da haƙori ɗaya tak ba nata ba ne, ko mai shago ya rantse.

Kayan gwanjo suna da ranarsu. Ƙofa ko fitila ko gilashi na Baljiyam ba laifi. Amma taimin bel na hannu, a'a. Ba wanda ya san tafiyar da ya yi a ƙasar da ya fito. Ko sabo ne, idan ya shekara da shekaru a rataye a rana, ya bushe. A duba bayansa da gindin haƙoransa. In da tsaga ko ƙanƙanuwa, a ajiye. Araha ba ta ado. A karɓi rasit, a adana.

Yadda ake aikin

Wannan ba aikin gefen hanya ba ne, kuma ba aikin da sabon yaro zai yi shi kaɗai ba ne. Amma mai mota ya san matakan, ya zauna ya gani da idonsa.

Bakanike ya bar inji ya huce sarai. Ya cire wayar batir. Ya ɗaga gaban mota da jak, ya sa mata matokari mai ƙarfi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ya cire taya ta gefen da bel yake.

Ya tsiyaye ruwan lagireto a cikin roba. Idan ruwan mai launi ne, wato kulan, guba ne, kuma zaƙi-zaƙi gare shi. A lungunan cikin birni awaki da yara ba sa nisa da gareji. Kada a bar shi a buɗe, kada a zubar inda dabba za ta lasa.

Ya cire fambel. Ya tokare inji ta ƙasa da jak da katako, sa'an nan ya kwance ƙafar injin ta wannan gefe. Ya cire murfin sama.

Daga nan aka zo wurin da ake gane gwani. Kafin a cire tsohon bel, sai an juya inji da hannu, da sifana, har sandar sama da ta ƙasa su tsaya daidai inda kamfani ya ce. A Honda da Toyota akwai alamomi a jikin gargare da jikin inji, sai sun yi saiti. A Peugeot ramuka ne, ana zura musu ƙarfe a kulle sandunan don kada su motsa. Ana juya inji ta inda ya saba juyawa. Yawanci kamar hannun agogo ne. Amma tsofaffin injinan Honda masu silinda huɗu ta ɗaya ɓangaren suke juyawa. Yaro mai koyo ya riƙe wannan.

Bayan an daidaita, ya cire babban gargaren ƙasa da sauran murfi. Ya sassauta ajasta, ya zare bel. Daga wannan lokaci ba a juya sandar sama, ba a juya ta ƙasa, ba a taɓa makulli.

Da bel ya fito, bakanike ya miƙa wa direba. Bayansa ya yi sheƙi, gindin haƙora duk ya tsattsage. Haƙori biyu sun kusa rabuwa. Ya kama famfo ya girgiza, ga shi yana rawa. Ya juya ajasta da yatsa, sai ƙara take kamar an zuba mata yashi. Direba ya yi shiru, ya ce, "Allah Ya kiyaye."

Bakanike ya duba bakin sandunan biyu ko baƙin mai na tsatsafowa. Akwai robobi masu tare mai a wurin. Idan suna yoyo, a canja su yanzu. Baƙin mai maƙiyin bel ne, yana ruɓar da roba.

Ya kwance famfo. Ya kankare wurin zamansa tas, ba tare da ya ƙwarzane ƙarfen ba. Ya sa sabon gaskit, ya ɗora sabon famfo. Ya ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan gefe sa'an nan wancan. Ba a nuna ƙarfi a nan, domin ramukan notin ba su da wuyar lalacewa. Wasu sukan lafta gam da yawa, wai don kada ya yi yoyo. Ragowar gam ɗin yakan ɓalle ya shiga ruwa ya toshe lagireto. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ya sa sabuwar ajasta da sabon gargare. Ya ɗora sabon bel da hannu. In akwai kibiya a bayansa, ta fuskanci inda inji ke juyawa. Ba a karya bel, ba a murɗe shi, ba a ɓamɓare shi da sukudireba. Zaren ciki yakan karye ba a gani ba.

Sai ɗauri. Idan ya yi tsanani, bel ya riƙa kuka, ya kashe boris ɗin sabon famfo. Idan ya yi sako-sako, ya tsallake haƙori. Ajasta da yawa suna da ɗan manuni da ke nuna daidai. A bi shi.

Akwai mataki ɗaya da mai gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ke ceton inji. A zare ƙarafan kulle. A juya inji da sifana zagaye biyu cikakku. A sake duba alamomi. In sun dawo daidai, madalla. In ba su dawo ba, a cire bel a sake. In kuma ana juyawa aka ji ya toge, kada a matsa, fistin ne ya taɓa bawul. Hannu yana jin wannan ya tsaya. Makulli ba ya ji.

Sa'an nan a mayar da murfi duka, da notunansa duka. A titunan Kano akwai motoci da yawa da ke yawo babu murfin taimin, wai don a riƙa ganin bel. Wannan kuskure ne. Ƙurar hunturu tana shiga. Da damina, idan ruwa ya cika hanyoyin cikin birni, taɓo yana shiga. Tsakuwa ɗaya ta faɗa tsakanin bel da gargare ta isa.

Ruwan da za a zuba

Bakanike ya tambayi direba wane ruwa yake zubawa. Ya ce duk wanda ya samu, na rijiya, na 'yan garuwa, na leda.

Ruwa zalla yana kawo tsatsa. Na rijiya kuma yakan bar dasashi a cikin lagireto kamar na gindin buta. Su ne ke cin farfela da robar famfo. Kulan yana hana tsatsa, kuma yana sa ruwa ya daɗe bai tafasa ba. Wani a haɗe yake, a zuba kawai. Wani sai an gauraya da ruwa mai tsabta, yawanci rabi da rabi. A karanta jikin galan.

Bayan an zuba sai an fitar da iska. Iskar da ta maƙale tana hana ruwa zagayawa, allura ta hau ko da famfo sabo ne. Peugeot tana da ƙananan notuna na fitar da iska. A buɗe su har ruwa ya fito babu kumfa, a rufe. A tayar da mota a bar ta har fanka ta kama da kanta. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Washegari da safe, kafin a tayar, a sake duba ruwa.

Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa yana iya wuce digiri 100. Yakan yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a injin da ya ɗau zafi. Kan inji yakan lanƙwashe ko ya tsage.

Idan ya tsinke a hanya

Mota za ta mutu farat ɗaya, babu shiri. Sitiyari zai yi nauyi. Birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu. Direba ya riƙe sitiyari da kyau, ya gangara gefe. Idan ya murɗa makulli ya ji inji na juyawa da sauri, sakayau, ba kamar yadda ya saba ba, to ya bari haka nan. Kada ya yi ta murɗawa. Kada fasinja su sauko su tura. Kowane juyi yana iya ƙara ɓarna. A nemi janwe ko igiya.

Yaushe ake canjawa?

Tunda bel ba ya kuka, da lissafi ake canja shi. Kowane kamfani da adadinsa, yana cikin littafin motar. Da yawa suna faɗin wajen kilomita 100,000, ko shekara biyar zuwa bakwai, duk wanda ya riga zuwa. A ƙasa mai zafi da ƙura gara a rage. A Kano zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Motar da ke yini a cunkoson Ƙofar Wambai ko Mandawari kuma, injinta na juyawa amma mita ba ta ƙirgawa. Bel ɗinta ya fi abin da mita ta nuna gajiya.

A lura da mitar kanta. Motocin da aka kawo daga Amurka mil suke ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mil 60,000 ya kama kilomita 96,000. Wasu motocin Toyota masu shan gas, kamar Hilux, suna da fitila a gaban direba mai rubutu T-BELT. Idan ta kama, lokaci ya yi. Kashe fitilar ba canja bel ba ne.

Mota ta hannu kuwa ba a yarda da mitarta, domin ana mayar da ita baya. Wata ma ta daɗe da tsayawa. Duk wanda ya sayi mota ta hannu bai ga shaidar canji ba, ya ɗauka ba a canja ba. Ya sa kuɗin wannan gyara cikin kuɗin sayen mota tun farko.

Kilomita 100,000 kamar da yawa. Ga motar haya ba yawa. Daga Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne. Zuwa da dawowa 340. Direban da ke yin sawu ɗaya kullum zai cika 100,000 cikin kwana 294, wato bai kai wata goma ba.

Ana kiran la'asar aka gama aikin saurayin nan. Bakanike ya zuba masa tsofaffin kayan a leda, ya ce ya kai wa yayansa ya gani. Sa'an nan ya ce, "Kana rubutu?"

"Ina yi, Baba."

"To leƙa mita ka karanto mini."

Direba ya karanta: 214,600. Bakanike ya sa yaronsa ya rubuta lambar da kwanan wata da farin fenti a kan murfin taimin. Ya ce wa direba shi ma ya rubuta a ɗan littafin da yake rubuta balas, ya haɗa da rasit. Ya ce, "Motarka ta haya ce, ga zafi ga ƙura. Ni ba zan bar ka ka kai dubu ɗari ba. Ƙara 80,000 a kai. Nawa ke nan?"

Direba ya duƙa a kan bonet da biro. Ya jera lambobin, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ya ce, "294,600."

"Rubuta shi da manyan baƙi. In mita ta tsaya kafin nan, kada ka bar ta, zo a gyara."